Shagon fizan unguwarmu ya sake kaya har da suna, na je na ci sau uku

Wata biyu da 'yan kwanaki shagon nan yana rufe, an manne gilashin da takarda, kullum in na tashi daga aiki na faka mota sai na leƙa ta ɗan tsagin da ya rage in ga me ake ciki, ba ka ganin komai sai ƙura da katako. To yanzu sun buɗe kuma na ci sau uku cikin sati biyu, ɗaya ni kaɗai da daddare, ɗaya da yara ranar Asabar, na ukun oda muka yi aka kawo gida, saboda haka ina ganin na isa in tofa albarkacin bakina. Ba zan kama suna ba, duk ɗan Bronx a nan New York da ke sauka jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin D a wajen titin Grand Concourse zai gane inda nake nufi.

Ni tun 2009 da na zo ƙasar nan nake cin fiza a wurin, kuma a lokacin ma shagon ya riga ya tsufa. Abin dariya sunan Italiyanci ne ɓaro-ɓaro a allon amma mai shagon ɗan Albaniya ne, kuma ba shi kaɗai ba, Bronx cike take da 'yan Albaniya masu sana'ar fiza, ko Arthur Avenue da ake cewa ƙaramar Italiya in ka je za ka same su birjik. Mu dai Baba muke ce masa, shi kuma kowa abokina. Musulmi ne, in ka yi sallama zai amsa maka da kyau, amma fa yana saida feferoni na alade kamar kowane shago, sai dai bai taɓa ɓoye mana ba. In na shigo zai nuna tiren da yatsa ya girgiza kai, wato wannan ba naka ba ne, sannan ya ɗauki wuƙar nan mai zagaye kamar taya ya kai famfo ya wanke ta da sabulu yana kallona don in shaida, kafin ya yanka min mai cuku zalla. Shekara da shekaru abin da nake ci kenan, cuku da tumatir, ina jin ƙamshin na wasu ina haɗiyar yawu.

Tsohon wurin ba wani kyau gare shi ba gaskiya. Benci ne na roba ruwan lemo guda huɗu, teburin ƙarshe yana rawa sai an cusa masa takarda a ƙafa, talabijin a can sama kullum ƙwallo, firij yana ƙugi kamar janareto. Amma har ƙarfe biyun dare a buɗe yake, kuma mu direbobi nan ne majalisarmu, 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi da wasu 'yan Gambiya, kowa da farantin takarda a gabansa ana gardamar Arsenal.

Yanzu in ka shiga wallahi sai ka ɗauka ka yi ɓatan kai ka faɗa Manhattan. Farin tayil har sama, kanta baƙa wuluk tana sheƙi, ƙwayaye na reto daga silin, ga wani rubutu na wuta ruwan hoda a bango da 'yan mata ke tsayawa suna hoto a gabansa. Dogon sunan nan an yanke shi ya koma kalma ɗaya tal. Tsafta kam ba a magana, banɗakin da a da sai ka toshe hanci yanzu fes, ga takardar A ta hukumar lafiya a gilashi. Amma benci babu ko ɗaya! An sa dogayen kujeru guda biyar marasa wurin jingina suna fuskantar bango, in ka hau ƙafarka na lilo kamar yaro, wanda ya yi awa goma a sitiyari ba zai iya minti goma a kai ba. Inda muke zama an kafa shelf na ajiye oda, masu kekunan Uber Eats da DoorDash na shiga suna fita da hular kwano a ka. Ka gane dai wa aka yi wa gyaran.

'Yar Baba ce ke riƙe da wurin yanzu, ita da mijinta. Baban yana zuwa da la'asar ya zauna a kujerar roba bakin ƙofa da sandarsa, na tambaye shi ya haka, ya ce gwiwa ta ƙi, ga haya ta hau, yara sun ce in ba a canza ba rufewa za a yi. Ban ja maganar ba.

Mu zo kan abinci tunda shi ne ya kai ni. Abin da na fara dubawa shi ne wa ke juya kwaɓin, sai na hango mutumin nan ɗan Meksiko da ya fi shekara goma a wurin yana nan daram yana wulla shi sama, kuma tsohon oben ɗin gas mai hawa biyu ba su taɓa shi ba, goge shi kawai aka yi. Nan hankalina ya kwanta. Mai cuku zalla yana nan yadda na san shi ta wajen burodin, ƙasan ya gasu yana ƙaras-ƙaras, ka naɗe shi biyu da hannu ɗaya bai karye ba bai kuma langaɓe ba, man nan ja yana bin tsintsiyar hannu sai ka tare da tishu. Miyar tumatir ɗin ce na ji an ƙara mata zaƙi kaɗan, ni ban so ba, yara kuwa ko a jikinsu. Girman yanka ya ragu, wannan ko makaho ya laluba zai gane, da bakin yankan har zarce farantin takarda yake yi yanzu kuwa yana zaune ciki lafiya lau.

Ga kuɗi kuma. A garin nan akwai tsohuwar magana cewa yankan fiza da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa tare suke tafiya, kuma lokacin da na zo haka ne, jirgi $2.25 fiza wajen haka. Da jirgi ya koma $2.90 a 2023 Baba yana saidawa $3.25, yanzu 'yarsa ta kai shi $4.50, fiza ta tsere wa jirgi ta bar shi a tasha. Na san shagunan da ke saida yanka dala ɗaya ma yawanci sun ɗaga zuwa dala ɗaya da rabi, cuku ya yi tsada fulawa ta yi tsada, amma in za ka ƙara kuɗi ai ba ka rage girma ba, ɗaya ake ɗauka. Sannan ka gama biya a juyo maka da allon kwamfuta yana tambayar tukuici, kashi 18 ko 20 ko 25, a kan yanka ɗaya da aka ɗumama minti biyu ina tsaye.

Ranar farko ma sai da muka ɗan yi 'yar tsama, na miƙa dala biyar yaron kanta ya ce kati kawai suke karɓa. Na ce ɗan samari tun 2020 dokar birnin nan ta hana shago ƙin karɓar tsabar kuɗi, kira min babba. 'Yar Baba ta fito da sauri ta ba ni haƙuri, ta ce sabo ne bai sani ba, ta karɓa ta ba ni canji. Da na koma ban sake jin zancen ba.

To amma ga inda suka saye ni gaba ɗaya: sun fitar da alade daga shagon kwata-kwata. Feferoni na naman sa ne, kaza ma halal, an rubuta a gilashi. Ni kuwa ba na yarda da rubutun gilashi, na ce a nuna min kwalin da kayan suka zo ciki, mijinta bai ɓata rai ba ya shiga ciki ya ɗauko ya nuna min tambarin. Jama'a ranar na fara cin fiza mai feferoni a shagon da na shekara goma sha ina shiga. Ƙananan yanka ne, in wuta ta taɓa su sai su lanƙwashe kamar 'yan kofuna mai ya taru a ciki, bakin ya ɗan ƙone, ga gishiri ga ɗan yaji-yaji, kamar kilishin da bai ji ƙuli ba. Ƙaramar 'yata da kullum a makaranta ake ware mata mai cuku ta cinye yanka biyu ta ce min Baba ashe abin da suke ci kenan, sai da na ji wani iri a raina. Akwai wani da suke yarfa wa zuma mai barkono, $6, maman yara ta ce ya yi, ni na ce zuma a shayi take, na zaro yajin tsire daga aljihu na barbaɗa a nawa.

Odar gida kam kada ku soma. Sai da ta yi minti hamsin, tururi ya jiƙa ta a cikin kwali ta zama kamar tsumma, kuma farashin cikin manhaja ya fi na kanta. Ƙullin burodin nan mai tafarnuwa ya koma huɗu maimakon biyar kuma ya bushe. Fatin nama irin na 'yan Jamaika da ake tsagawa a cusa cuku, wanda shi ne abincin 'yan makaranta in kuɗi ya gaza, sun cire shi daga jerin gaba ɗaya, wai bai dace da sabon tsarin ba.

Tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar. Ku je da ƙafarku ku ci da zafinsa, ku kauce wa ƙarfe uku lokacin tashin 'yan makaranta don layi har waje, kuma ku sani ƙarfe sha ɗaya suke rufewa yanzu, wanda ya tashi aiki tsakar dare sai dai ya nemi wani wurin. Majalisarmu ta koma wajen mai shayi ɗan Yaman da ke kusurwa, a tsaye. Na dai gaya wa 'yar Baba ta dawo mana da benci ko guda ɗaya ne da kuma fatin nan, ta yi dariya ta ce za ta duba, Juma'a bayan masallaci zan sake leƙawa.