Ɗan gadon da ake jinginawa da na uwa: wata huɗu da shi da yarinya mai tumbuɗi

Satin 'yata shida da haihuwa muka sayi ɗan gadon nan, irin wanda ake jingina shi da gadon uwa a ɗaure da maɗaurai biyu, gefensa ɗaya kuma yana zugewa ƙasa. Layi ɗaya ne a jikin kwalin ya ja ni: wai ana iya ɗaga ƙafafun wajen kai, gadon ya ɗan karkata, saboda jarirai masu tumbuɗi. A lokacin ko me aka ce min zai taimaka saye zan yi. Yarinya ba ta yarda a ajiye ta. Za ta sha nono ta yi barci lakadan a ƙirjina, amma da bayanta ya taɓa katifa sai ta banƙare, fuska ta yi jawur, nono ya biyo baki, wani lokacin har ta hanci. A zaune nake kwana, babanta ya karɓe ni wajen ƙarfe uku. Daren da na farka firgigit na ga gyangyaɗi ya kwashe ni har ta zame zuwa gwiwar hannuna, daren na san ba za mu ci gaba a haka ba.

Karkatarwar da na sayi gadon dominta, dare uku kawai na yi amfani da ita. Tumbuɗin bai ragu ba ko kaɗan. A dare na uku na haska fitila na tarar ta gangaro ƙasan gadon, ta juya a kaikaice, haɓarta ta dafe a ƙirji. Jikina ya yi sanyi. Da muka je awo na ba likitar yara labari, ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ce, "Maman yarinya, yau ɗin nan ki mayar da gadon daidai." Na ce, "Likita, in ta ƙware da nono tana rigingine fa?" Sai ta zana min a takarda: idan jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, don haka abin da ya taso yakan koma inda ya fito ko ya haɗiye shi. A ruf da ciki kuwa tsarin juyewa yake yi. Ta ce naman da ke rufe bakin tumbi ne bai yi ƙwari ba tukuna, kuma karkata gado ba ya ƙara masa ƙwari, sai dai yaro ya zame, cikinsa ya naɗe, wuyansa ya lanƙwashe ya matse numfashi.

Daga baya na bi maganar da kaina. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce duk shimfiɗar da karkatarta ta wuce digiri 10 ba wurin barcin jariri ba ce, kuma mai tumbuɗi ma a rigingine za a kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri wadda take a miƙe. A 2019 an janye kujerar barci ta Rock 'n Play ta kamfanin Fisher-Price daga kasuwa, kusan guda miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30, sannan a 2022 aka yi doka a Amurka da ta hana sayar da irin waɗannan makwantai masu gangara. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci da wancan layin na jikin kwali. Uwar da ba ta yi barci ba sati shida ba za ta tsaya bincike ba, gaskatawa za ta yi.

Amma ban mayar da gadon inda na saye shi ba, kuma ban yi nadama ba. A miƙe ɗin ne ya yi mana amfani. Tsayinsa ana daidaita shi da na gadona, saboda haka ina kwance ina ganin fuskarta ta cikin ragar gefen. In ta fara ƙunƙuni da mutsu-mutsu, ba sai na tashi ba, hannu kawai nake miƙawa in ɗora a ƙirjinta. Nan na gano abin da ban sani ba: rabin hayaniyar da take yi, cikin barci take yin ta. Da ina jin motsi nake sungumarta, ashe ni nake tashinta.

Tsarin da muka zauna a kai ba shi da wani sirri, haƙuri yake ci. Na daina cika mata ciki lokaci guda, ina ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, in tsaya a tsakiya ta yi gyatsa. Canjin kunzugu kafin shan nono nake yi, don ɗaga ƙafafunta bayan ta ƙoshi kamar matsa mata ciki ne. In ta gama sai in riƙe ta a miƙe a kafaɗata minti ashirin zuwa talatin, ni kuma a tsaye ko a kujera mai tauri don kada barci ya sace ni. Wajen ajiyewa ɗuwawu ke fara sauka, sannan baya, kai a ƙarshe, hannuna na kan ƙirjinta har numfashinta ya daidaita. Satin farko sai in ajiye ta sau biyar kafin ta zauna. A sati na uku ta fara yin awa biyu da rabi a jere. Tana wata huɗu na fara zuge gefen in rufe, in ajiye ta idonta biyu, ta ɗan yi gwaranci ta yi barci da kanta. Ba kullum ba, amma mafi yawan darare.

Inda gadon ya gaza, wajen wanki ne. Rigar katifa ɗaya tak ya zo da ita, katifar kuma girmanta ba irin na kowa ba ne, zanen gadon jarirai na yau da kullum ba ya kama ta tsam. Mai tumbuɗi kuwa tana iya jiƙa shimfiɗa sau uku kafin asuba. Sai da na nemi zane huɗu masu roba a baki daidai girmanta, da shimfiɗa mai hana ruwa shiga. Nonon da ya gangara cikin ɗinkin ragar yana tsami, kuma cire yadin gefen a wanke aiki ne na mutum biyu. Zif ɗin ma yana da ƙara, sau da yawa shi ke tashinta. Maɗauran dai suna da ƙarfi, amma duk dare sai na tura hannu na tabbatar babu rata tsakanin katifata da gadonta. Cikin gadon kuma ba filo, ba naɗaɗɗen tawul, ba 'yar tsana.

Gado ba magani ba ne, wannan in faɗa wa duk wadda ke shirin saye. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ce aƙalla jarirai 40 cikin 100 suna tumbuɗi, yakan fara kafin sati takwas, kuma kashi 90 cikin 100 na masu yi suna dainawa kafin su cika shekara. Tawa nauyinta na hawa a kowane awo, shi ya sa ba a ba ta magani ba. Idan kuwa aman kore ne, ko da jini, ko yana fita da ƙarfi kamar an fesa, ko yaro yana ƙin nono yana ramewa, wannan zancen asibiti ne a ranar.

Takardar gadon ta ce wata shida ko kilo 9, ko kuma da zarar yaro ya fara yunƙurin zama. Tamu tana wata biyar da rabi ta fara kama gefen tana ɗago ƙirji, sai muka kwance shi muka koma babban gadon yara, a ɗakinmu dai. Daren farko a can sau biyu ta tashi, zane ɗaya na canza.