Ƙarfen ciro tsinkakken kwanso: sau ɗaya ya fitar da ni kunya, sau biyu ya bar ni a rana

Na sayi wannan ɗan ƙarfe ne shekara biyu da suka wuce, ba don ina bukatarsa a lokacin ba, sai don wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi ya gaya mini cewa duk mai riƙe da tsohuwar bindigar Lee-Enfield, idan har yana sake ɗura kwanson harsashinsa da hannunsa, to ko ba daɗe ko ba jima sai kwanso ya tsinke masa a ciki. Na yi odarsa ta intanet, ya iso a cikin 'yar leda wadda ba ta ɗauke da komai sai lamba .303, wato sunan harsashin bindigar, da aka rubuta da hannu, babu takardar bayani, babu ko zane. Na juya shi a tafin hannuna, na ga ya yi kama da harsashi, na jefa shi a aljihun jakar bindiga, na manta da shi.

Bindigar da ake magana a kanta Lee-Enfield No. 4 ce, ƙirar masana'antar Long Branch da ke gefen Toronto, kuma an buga mata 1943 a jiki. Tun da na samu lasisin riƙe bindiga a nan Ontario ita na nema, saboda kakana yana cikin mazan jiya da suka je Bama tare da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, kuma da Lee-Enfield suka yi yaƙin. Na faɗi wannan ne domin a fahimci dalilin da ya sa ba zan yarda a zura mata ko wane irin ƙarfe ba, da dalilin da ya sa raina ya ɓaci fiye da yadda kuɗin abin suka cancanta.

Wata Asabar ce a tsakiyar Oktoba na tafi filin harbi domin in daidaita saiti kafin a buɗe farautar barewa a farkon Nuwamba. Harbi shida sun tafi lafiya. A na bakwai ƙarar ba ta bambanta da sauran ba, amma na ga wani siririn hayaƙi ya fito ta ramin da aka huda a gefen bindigar domin irin wannan rana, na kuma ji ɗumi da warin albarushi a fuskata. Allah ya taimake ni ina sanye da tabarau. Da na ɗaga sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, sai ta taho da sauƙin da ban saba ji ba, kamar ba ta jan komai. Abin da ya faɗo a kan tebur gindin kwanson ne kaɗai, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba, bakinsa ya yi baƙi, kuma ya yanke daidai sai ka ce da zarto aka bi shi. Kwanson .303 yana da tsawon milimita 56 da ɗoriya, saboda haka fiye da santimita 4 na tagulla sun zauna a mazaunin harsashi, sun manne da bangonsa, ba su da gindin da ƙugiyar sakata za ta kama.

A nan ne na tuna da ƙarfen, har na ji wani ɗan alfahari na wanda ya zo da guzurinsa. Dabarar da aka ƙera shi a kanta mai sauƙi ce. Gindinsa yana da leɓe irin na harsashi, domin ƙugiyar sakata ta kama shi. Gabansa kuwa siriri ne, an tsaga shi gida uku kamar yatsu, kowane yatsa da ɗan haƙori a ƙarshensa. Idan aka tura shi ciki, yatsun za su matse su wuce ta wuyan kwanson, su buɗe a gabansa, haƙoran su maƙale a bakin tagullar, sannan idan aka ja sakata baya sai komai ya fito tare. Na cire gidan harsashi, na tabbatar babu komai a bindigar, na sa ƙarfen, na rufe sakata, na ja. Ya fito shi kaɗai, fes, kamar bai je ko'ina ba. Na sake, ya sake fitowa. A karo na uku na buga hannun sakatar da tafin hannu da ɗan ƙarfi, abin da na samu kawai shi ne 'yar ƙurar tagulla mai ƙyalli a jikin yatsun. Na yi haka har sau tara, ina ƙirgawa, yayin da mutanen da ke teburan gefe suka fara tsayawa a kaina, kowa da shawararsa. Wani ya miƙo mini sukundireba ya ce in lanƙwasa gefen tagullar in fizgo ta da filaya. Na gode masa na ƙi, domin ƙarfen sukundireba yana iya karce bangon mazaunin, kuma idan ya karce, duk kwanson da aka harba daga baya zai kumbura cikin wannan karcen ya riƙa cijewa. Na naɗe kayana na kama hanyar gida, tafiyar awa ɗaya da rabi, da bindigar da ba ta harbi, ga kuɗin shiga fili na riga na biya. A cikin motar na gama tsara sharhin da zan rubuta, kuma babu kalma mai daɗi ko ɗaya a cikinsa.

Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tsumma a kan teburin gareji, na zare sakatar gaba ɗaya, na ɗiga man da ke ratsa tsatsa a gefen tagullar, na jingine bindigar bakinta ƙasa domin man ya bi. Ina zaune ina jujjuya ƙarfen cikin takaici sai na ji gindinsa ya motsa a hannuna. Ashe ba dunƙule ɗaya ba ne, gida biyu ne da aka haɗa da zare, kuma ana iya ƙara masa tsawo ko a rage. Yadda ya zo daga wurin mai sayarwa, an ɗaure shi har ƙarshe, wato a mafi gajartarsa, saboda haka haƙoran ba su taɓa wuce bakin kwanson ba. A cikin wuyan suke tsayawa suna kankarar tagulla. Na ɗauko wani lafiyayyen kwanso da na taɓa harbawa a wannan bindiga, na jera su gefe da gefe, na kwance zaren zagaye ɗaya da rabi har haƙoran suka ɗan zarce bakinsa. Da asuba, bayan man ya kwana, na mayar da sakata, na tura ƙarfen, sai na ji wani ɗan ƙas da ban ji ba ko sau ɗaya a fili. Na ɗaga hannun sakatar, ya cije, na dafa da ƙarfi, ya saki, sai ga tagullar ta fito sanye a jikin ƙarfen kamar zobe a yatsa. Na haska mazaunin da tocila, babu karce ko ɗaya. Murnar da na yi ta sa uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya kake ta hamdala kai kaɗai da sassafen nan?" A wannan safiya, da an tambaye ni, da na ce kowane mai .303 ya saya, kuma na janye duk abin da na tsara a mota.

Sai dai murnar ba ta kai hantsi ba. Da na zo raba tagullar da ƙarfen, dole sai an kwance gindin an zare ta ta baya, kuma a nan na ga zaren ya ci rabi, yana juyawa yana tsalle. Ɗaya daga cikin yatsun uku kuma ya lanƙwashe ciki bai koma mazauninsa ba, alamar ba a gasa ƙarfen ya yi taurin da ya kamata ba. Wato aiki ɗaya tak ya yi ya gaji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne layi biyu na rubutu a kan ledar, cewa a auna tsawonsa da kwanso kafin a yi amfani da shi, da sun hutar da ni asarar yini guda da tsayuwa a gaban mutane ina ta jan sakata a banza. Na rubuta wa mai sayarwa na bayyana masa duka biyun, har da hoto. Bayan kwana biyar aka aiko mini da amsar da ko wa aka aika wa za ta dace da shi, ana gode mini da ciniki, ana ba ni shawarar in nemi ƙwararre.

Ƙwararren kuwa na neme shi, amma don bindigar, ba don ƙarfen ba, kuma adalci ya sa in faɗi cewa tsinkewar kwanson laifina ne. Mai gyaran bindigar, wani tsoho da ya daɗe yana aiki a kan irin waɗannan, ya yi mini bayanin da ya zauna mini. Harsashin .303 da leɓen gindinsa yake tsayawa a mazauni, kuma tazarar da sojan Ingila suka amince da ita tsakanin fuskar sakata da wurin da leɓen ke zama ta kama daga inci 0.064 zuwa 0.074. An kuma yi mazaunin da yalwa da gangan, domin harsashi ya shiga ko da laka ko ƙura a fagen fama, sannan maƙullan sakatar a baya suke, don haka tana ɗan ba da baya a lokacin harbi. Ga soja wannan ba matsala ba ce, tunda sau ɗaya yake harba kwanso ya bar shi a ƙasa. Ni kuwa ina tsince nawa, ina matse shi daga sama har ƙasa ya koma girmansa na asali, in sake ɗurawa. A kowane harbi gaban kwanson yana kumbura ya kama bango, gindin kuma ya ja baya ya tarar da sakata, sai tagullar da ke tsakani ta miƙe ta sirance. Wanda ya tsinke ɗin ɗurinsa na shida ke nan. Tsohon ya miƙe wata siririyar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura a cikin sauran kwansunan da na kawo, ya ce in ja a hankali. A guda goma sha ɗaya cikin ashirin na ji bakin wayar ya faɗa wani kwari a kusa da gindi, kuma a waje, daidai wurin, akwai wani zobe mai haske da na daɗe ina gani ina ɗauka gogewa ce. Ya auna tazarar, ya ga ta kusa iyaka, ya canza mini kan sakata daga mai lamba 1 zuwa mai lamba 2, domin na No. 4 ana yin su daga 0 zuwa 3, ya kuma ce daga yanzu wuyan kwanso kaɗai zan riƙa matsewa.

Da na nuna masa ƙarfen nawa, bai ce komai ba, sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko irinsa na soja, wanda ake haɗawa cikin kayan bindigar Bren, ya ajiye kusa da nawa. Nasa ya tsufa har ya yi baƙi, amma haƙoransa suna kama fatar yatsa, kuma idan ka matse yatsun ka saki sai su koma da ƙara. Nawa sabo ne fil, yana ƙyalli, ɗaya yatsan a karkace. Ya ƙara da cewa idan tagulla ta ƙi duk wata dabara, shi yakan toshe bututun da ƙyalle a gaban mazaunin, ya narka wani ƙarfe mai suna Cerrosafe, wanda yake narkewa tun ruwa bai kai ga tafasa ba, ya zuba, ya bari ya daskare, sannan ya bugo shi da sanda ta bakin bindiga ya fito da tagullar.

Duk da haka na miƙe yatsan da filaya, na mayar da ƙarfen jaka, ina cewa ai ya taɓa yi mini rana. A watan Mayu abin ya faru da wani abokina da muke zuwa fili tare, shi ma da .303, na ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ina da maganinta." Na auna tsawon yadda na koya, na tura, na ji ƙas ɗin, na ja, sai zaren ya kuɓuce gaba ɗaya: gindin ƙarfen ya biyo sakata, gabansa ya zauna a ciki tare da tagullar. Maimakon abu ɗaya da ya maƙale, sai suka zama biyu, kuma a bindigar wani. Sai da muka zura sandar goge bututu ta baki muka ƙwanƙwasa a hankali kafin gaban ƙarfen ya faɗo, ya kuma faɗo shi kaɗai, domin yatsan da na miƙe ya karye. Abin da ya fitar da tagullar a ƙarshe shi ne buroshin tagulla na bindiga mai faɗin .45 da wani ya ara mana. Muka ɗaura shi a gajeriyar sanda, muka cusa shi ta baya cikin ragowar kwanson har gashinsa ya kwanta, muka fizgo. Gashin ya turje ya riƙe, tagullar ta fito a ja na biyu, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Alhaji bai ce mini komai ba, sai dai har muka iso gida yana murmushi.

Tauraro biyu na ba shi cikin biyar, kuma na biyun saboda waccan asubar ce kawai. Dabarar ƙirarsa daidai take, na gani da idona tana aiki, amma wannan da aka sayar mini an yi shi da ƙarfe mai laushi, an kuma turo shi babu bayani. Wanda ya riga ya saya, ya kwance shi ya auna da kwansonsa tun a gida, ya kuma matse yatsun ya ga ko suna komawa. A aljihun jakata yanzu buroshi mai faɗin .45 ne da gajeriyar sanda da lanƙwasasshiyar waya, gutsattsarin ƙarfen kuma suna cikin gwangwanin da nake tara matattun kwansuna.