Ɗan obin ɗin da kika ce in aiko miki Kano

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Ya maigidan da yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma a nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Tun ranar da muka yi waya ta bidiyo kika hango ɗan akwatin nan a kan kantar kicin ɗina, kika ce lallai in samo miki irinsa, nake ta juya maganar a raina. A waya ba a gama zance, ga yara na kira, ga magana na yankewa. Shi ya sa na zauna na rubuta miki dalla-dalla, ki karanta a tsanake, ki kuma nuna wa su Anti da suka ce su ma suna so.

Abin ba shi da girma. Tanderu ne na lantarki, cikinsa lita 30, wato kaza guda da ɗan dankali a gefe sun cika shi. Akwai ƙarfe mai yin ja a sama, akwai wani a ƙasa, sai 'yar fanka da ke zagaya zafin. Maɓallansa uku: na zafi, wanda ke kaiwa digiri 230, na zaɓar wutar sama ko ta ƙasa ko duka biyun, da na lokaci mai ƙararrawa, wanda ke kashe shi da kansa. Yana jan wat 1,500.

Ba don gayu na saye shi ba. Mun iso nan Ingila a 2022, shekarar da kuɗin wuta da na gas suka yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. A watan Oktoba na shekarar yunit ɗaya na wuta ya kai kwabo 34 na kuɗinsu, fam guda ba ta sayen yunit uku cif. Gidan da muka kama haya akwai babban obin a jikin bango, amma kafin ya ɗauki zafi kin ga mita ta yi nisa, alhali cinyoyin kaza shida kawai zan gasa. Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan ce ta nuna min nata, ta ce da shi take ciyar da gidanta. Gani ya kori ji, a makon na sayi nawa.

Abin da ya fi yi min amfani a kai ba ma gashin nama ba ne, kayan miya ne. Nakan yanka tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, in zuba a tire, in ɗiga mai kaɗan, in sa a digiri 200 na kamar rabin awa. Ruwan tumatirin ya tsotse, tsamin ya tafi, bakin tattasan ya ɗan ƙone ya ba da ƙamshi irin na wanda aka gasa a gawayi. In na markaɗa, suyar ba ta ɗaukar rabin lokacin da take ɗauka da, kuma ba sai na nemi kanwa don kashe tsami ba. Ranar Lahadi nake yin mai yawa in raba a robobi in sa a firiza, duk makon da shi nake miyar shinkafa, da taliya, har da taushe in na samu kabewa.

Sai kaza. Yajin da kika ɗauro min, mai ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, shi nake kwaɓawa da mai in shafe cinyoyin tun safe. Da yamma in jera su, in zuba yankakken dankalin turawa ko na Hausa a gefe, minti 40 zuwa 45 a digiri 200, in juya sau ɗaya a tsakiya. Kafin a gama na yi wa yara wanka na yi sallar magariba. Wannan shi ne babban sauƙin, Yaya: ba ya buƙatar ki tsaya a kansa. A nan ba ni da 'yar aiki, ba yaron aike, ba ƙanwa da zan ce ta duba min tukunya. Duk abin da zai dafa kansa ina wani aikin, a wurina ɗan'uwa ne.

Amma ki lura da wani abu. Kazar ƙasar nan ta gidan gona ce, namanta laushi, kitse ya yi mata yawa, shi ya sa take gasuwa cikin sauƙi. Kazar Hausa da kike saya a kasuwar Rimi ba haka take ba. In kika sa ta ɗanya a obin za ta bushe ta yi tauri kafin cikinta ya nuna. Sai kin fara tafasa ta da kayan ƙamshi, sannan ki shafa yaji ki sa ta minti 15 ta yi ja. A nan ma in ina son mai tauri irin tamu sai na je wajen mahautan halal na Alum Rock ko na titin Coventry a Small Heath, kuma haka nake mata. Ɗanɗano dai, wallahi ba haɗi, tamu ta fi.

Alale ma yana yi. In zuba ƙullun a gwangwanaye, in jera su a tire mai ɗan zurfi, in zuba ruwan zafi ya kai rabinsu, in rufe da foyil, digiri 180, minti 45. Dafa-duka kuwa nakan fara ta a kan wuta, in ruwan ya kusa tsotsewa in juye a kwanon ƙarfe in rufe ruf, ta ƙarasa turara a ciki. Ba ta kamawa, ba ta caɓewa. Sai dai mai son ƙanzo ba zai samu ba. Kifi sukumbiya minti 20 ya ishe shi.

Gurasa ce ta ba ni wahala, kuma har yau ban gamsu ba. Na gwada ta ya fi sau goma. Tana tashi, tana nuna, in aka yayyafa mata ruwa aka barbaɗa ƙuli da mai da albasa yara suna cinye bandashen tas. Amma ba gurasar Jakara ba ce. Tanderun ƙasa zafinsa ya wuce abin da wannan akwatin zai iya, ga gurasar manne take da jikin tukunyar, ga ƙamshin kara. Wannan ɗigo-ɗigon ƙunar da laushin cikin ba sa samuwa a digiri 230. Ranar da na fara cin tawa sai da na yi hawaye, don ta tuna min da ta gida ba tare da ta kai ta ba. Ke da gurasa ke zuwa har ƙofar gidanki, kada ki ɓata fulawarki.

Tuwo, ɗanwake, miyar kuka, waina, funkaso, duk babu ruwansa da su. Abin da ke son muciya ko maburgi ko tanda yana nan a kan wuta yadda muka gada. Kin ga ke nan rabin abincin gidanki bai shafe shi ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato wuta. Abin farin ciki, wutar Ingila da ta Najeriya iri ɗaya ce, bolt 230, kuma filogi mai baki uku ne kamar namu, don haka kayan nan suna aiki a gida kai tsaye. Na Amurka ne ba sa yi, tasu bolt 120 ce, in aka jona ba tare da taransifoma ba sai su ƙone. Ki faɗa wa duk mai ɗan'uwa a can kada ya yi wannan asarar. To amma ni a nan, tunda na zo ban taɓa sa abinci ina fargabar za a ɗauke wuta ba. Ke kuwa kin san halin da ake ciki. A ce kin sa kek ko alale, minti 15 a ɗauke, shi ke nan ya kwanta, ba ya tashi kuma. In wutar ta zo ba ƙarfi, ƙarfen ba ya yin ja sosai, abin minti 40 sai ya ci awa guda. Ƙaramin janareton nan da ake kunna fitila da fanka bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba sam. Solar gidanki ma sai kin tambayi wanda ya haɗa muku ita, don kayan da ke yin zafi su suka fi shanye batir.

Ga lissafin kuɗin: wat 1,500 na minti 40 yunit ɗaya ke nan, ko ƙasa da haka kaɗan, tunda yana kashe kansa in zafi ya kai sannan ya sake kamawa. A watan Afrilun 2024 aka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka ce za su riƙa samun awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Ki duba rukunin da unguwarku take, ki kwatanta da abin da kike kashewa a gas da gawayi. In kuna samun wuta da rana tsayayya, ni a ganina zai biya ki, musamman lokacin azumi da sallah.

Wajen sayayya kuma kowane gari da nasa. A nan in kika sayi abu ya zo da matsala, doka ta ba ki kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki, in dai da rasit. In ta intanet kika saya, kina da kwana 14 ki fasa ko da lafiyarsa ƙalau. Yawancinsu kuma da garantin shekara guda. Wannan ya burge ni ƙwarai, don na saba da kaya in sun bar shago sun bar shi ke nan. Sai dai ba ciniki, abin da aka rubuta shi za ki biya, kuma a kwali za a miƙo miki, ba mai jona miki ki gani. In garanti ya ƙare ya lalace, kuɗin mai gyara ya fi kuɗin sabo, sai dai a kai shi wurin tara shara. Na farkon da na saya haka ya ƙare, maɓallin lokaci kawai ya mutu. Raina ya sosu, don na san da a Kano ne, mai gyara a Sabon Gari zai buɗe shi ya canza abin kafin in gama cefane.

Saboda haka ba zan aiko ba, Yaya, kuɗin jirginsa ya kusa sayen wani, ga ƙofar gilashi ce, ga garantin nan ba ya bin sa Kano. Zan turo kuɗin ta hannun maigidan a ƙarshen wata, ki shiga Sabon Gari da kanki. Ki sa a jona shi a gabanki, ki ga ƙarfen sama da na ƙasa duk sun yi ja, ki rufe ƙofar ki tabbatar ba ta da giɓi. Kada ki ɗauki ƙasa da lita 30, gidanki da yawa.

In kin kawo shi, ki ba shi soket ɗinsa na bango shi kaɗai, kada ki haɗa shi da firji a 'yar siririyar wayar nan mai baki da yawa, tana narkewa. Ki bar tazara tsakaninsa da bango, kada a ɗora leda ko roba a kansa, kuma ki ɗaga shi inda hannun auta ba zai kai ba, don jikinsa da gilashin suna ƙuna sosai. Kullum ki sa tire a ƙarƙashin nama. Ni ranar da kitse ya ɗiga a kan ƙarfen ƙasa, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta gidan ta ɗauka har maƙwabta suka fito, na tsorata ba kaɗan ba.

Yajin nan ya kusa ƙarewa. In mai zuwan nan ya tashi a watan gobe ki ɗauro min wani, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kada ki sa kilishi ko dambun nama a ciki, ba a barin nama ya shigo daga Najeriya, a filin jirgi za su karɓe. Ki gaishe min da Hajiya da kyau, ki ce ina nan ina shirin kiranta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.