TaskGroup na Python: ya burge ni, amma da sauran rina a kaba

Duk mai aiki da asyncio, wato ɓangaren harshen rubuta manhaja na Python da ke tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda, ya san halin create_task, umarnin da ake tura aiki da shi. Ka tura aiki, ya faɗi a ɓoye, ko uffan ba zai ce maka ba. In ba ka jira sakamakonsa ba, kuskuren na nan kwance, sai sanda Python ya zo share aikin daga ƙwaƙwalwa za ka ga wani ɗan layi wai "Task exception was never retrieved". Wa ke zaune gaban ordinatar da tsakar dare yana jiran wannan layin?

Halin nan ya so ya ɓata ni da wani Alhaji mai hatsi a Kasuwar Dole. Na haɗa masa ƴar manhaja da ke tura saƙon tuni ga masu bashinsa kowace Laraba da dare, don su zo da kuɗi ranar Alhamis. Wani dare rezo ya yi ta yankewa, saƙonni suka zube a hanya, manhaja kuwa ta rubuta "an gama" hankali kwance. Bayan la'asar ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Malam, ba kai ka ce na'ura ba ta mantuwa ba?"

Shi ya sa na koma TaskGroup, hanyar haɗa ayyuka cikin rukuni ɗaya, wanda ya shigo da Python 3.11 a 2022. Wallahi na ji daɗinsa. Ba ya barin ka wuce sai duk ayyukan sun ƙare, kurakurai kuma ya tattaro su cikin ƙunshi ɗaya da ake kira ExceptionGroup ya dire maka a gaba, ka rarrabe da umarnin except*. Babu sauran ɓoye-ɓoye.

To amma fa, da aiki ɗaya ya faɗi, sai ya soke ragowar gaba ɗaya. Lambar waya guda da yaron shago ya rubuta ba daidai ba ta tsayar da saƙonnin kowa! Haka aka tsara shi, na sani, ni dai bai yi mini ba. Dole na naɗe kowane aiki da try nasa mai kama kuskure, alhali tsohon umarnin gather da return_exceptions=True ya daɗe yana yin kusan haka. Sake gwaji in saƙo ya faɗi, kai za ka rubuta da hannunka. Kuran kuma in ya ɗauke, duk abin da ke jiran layi ya tafi, tunda komai a ƙwaƙwalwa yake.

Ga ayyukan da dole su yi nasara tare ko su faɗi tare, ka ɗauki TaskGroup ido rufe. Saƙonnin Alhaji kam yanzu cikin rumbun ajiyar bayanai na SQLite nake fara rubuta su kafin in tura ko ɗaya.