Wasiƙa daga Riyad: kada a sayi ɗan kwikwiyo sai an ga uwarsa

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaishe min da Inna da kyau.

Saƙonka ya iso. Ka ce mutanen Abuja da Kaduna sun fara damunka da neman ƙananan karnukan nan masu gashi buzu-buzu, kana kuma tambaya ko gaskiya ne na Saudiyya sun fi na gida inganci, har ya kamata in riƙa turo maka kana sayarwa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ba kai kaɗai za ta amfana ba, shi ya sa na rubuta ta inda kowa zai gani.

Na san abin da wasu za su fara faɗa: me ya haɗa Bahaushe musulmi da cinikin kare? Mu dai mun tashi mun tarar kare na gadi ne ko na 'yan farauta, a waje yake kwana. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kowace rana. Ni ban ajiye ba, kuma duk musulmin da ya nemi shawarata abin da nake gaya masa ke nan. Amma a asibitin dabbobi nake cin abinci, kai ma abin da ka karanto a makarantar lafiyar dabbobi ta Vom ke nan. Wanda ake shimfiɗa mana a kan tebur yana numfashi sama-sama rai ne, kuma mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa an gafarta masa. Tun da masu saye za su saya, gara su bi hanyar da ba za a azabtar da dabba ba.

Saudiyya ma a da ba ta da sassauci irin na yanzu a kan karnuka. A 2008 an sanar da hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shagunan Riyad, da hana yawo da su a titi. Zuwa 2020 kuwa har an buɗe gidan shan gahawa a Khubar wanda mutane ke shiga da karnukansu. Har yanzu kyanwa ce ta fi kasuwa, musamman mai dogon gashin nan da suke kira Shirazi, domin ita ba wanda ke jayayya a kanta. Ƙananan karnuka yawanci baƙi ne ke kawo mana, Turawa da Labanawa da 'yan Filifin, sai matasan ƙasar da ke ta ƙaruwa. Salukin farauta na mutanen sahara shi daban ne, tun kaka da kakanni ake kiwonsa, masu shi sun san asalinsa ta uwa da ta uba.

Idan maganar kula da lafiya ce, ba zan ɓoye maka ba, an bar mu a baya. Ƙaramin asibiti a nan yana da na'urar hoton ƙashi da ta gwajin jini, sakamako ya fito kafin mai dabba ya tashi daga kujera. Abin da ya fi burge ni shi ne firjin rigakafi, wanda ba ya taɓa mutuwa saboda wuta ba ta ɗaukewa. Kai ka san allurar da ta kwana cikin zafi ta zama ruwa, ko da kwalbar na nan da kyanta. Kowace allura da aka yi, ana ɓare tambarin kwalbar a manna a littafin dabba, likita ya sa hannu ya buga hatimi. Ana kuma dasa wata mitsitsiyar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambobi 15, a rubuta su a littafin, ta yadda ba za a ɗauki takardar wani kare a jingina wa wani ba. Shigo da dabba daga waje sai da izinin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, akwai ma jinsunan karnukan faɗa da ba a yarda su shigo ba sam. A gida ba ilimi muka rasa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na sarrafa allurar haukan kare, asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya yana da likitocin da za su yi aiki a ko'ina a duniya. Wuta da kayan aiki ne suka yi mana cikas.

To amma kyan asibiti daban, kyan haja daban. Kasuwar 'yan kwikwiyo a nan cike take da dillalai, kuma ni ne ke ganin ƙarshen cinikinsu. Mutum zai ga hoto a waya, ya tura kafin alƙalami, a haɗu da shi da dare a gidan mai ko wurin ajiye motoci, a miƙo masa kwali, ya ƙirga dubban riyal. Bayan kwana kaɗan sai ga shi a wurinmu da dabba tana amai, tana zawo da jini mai wari. Farbo ke nan, cutar da ke kama hanjin 'yan kwikwiyo. Cutar na ɗaukar kwanaki kafin ta bayyana, don haka ranar ciniki ɗan kwikwiyon garau yake, yana wasa. Ƙwayarta na iya yin watanni a daɓen ɗaki da keji, sabulu ba ya kashe ta sai ruwan bilic, irin Clorox a nan ko Hypo a gida. Dillalin da ya tara 'ya'yan karnuka daga wurare goma a ɗaki guda, ɗaya ya kamu, duk sun kamu. Idan an kira shi kuma, lambar a kashe.

Littattafan da nake gani a hannun irin waɗannan masu saye sau da yawa na ƙasashen Gabashin Turai ne, da hatimi reras. Kada hatimi ya ruɗe ka, buɗe baki ka duba haƙora. Ba a yin allurar haukan kare kafin mako 12, saboda haka duk wanda aka shigo da shi da shaidar wannan allura ya kamata ya haura wata 3. Haƙoran nono guda 28 ne, suna gama fitowa wajen mako 6 zuwa 8, su fara zuba daga wata na 3 zuwa na 4, na gaba su ne farko, sannan na girma guda 42 su cika wajen wata 7. Idan takarda ta ce wata 4, baki kuwa ya nuna haƙoran nono ma ba su gama tsirowa ba, an ƙara masa kwanaki ne don ya haye iyaka yana ƙarami, saboda ƙarami ya fi tsada. An raba shi da uwa da wuri, ya sha doguwar tafiya a keji, kuma allurar da aka rubuta wataƙila ba a taɓa yi masa ba.

Son ƙanƙantar nan shi ne babbar masifa, kuma abin yana ci min rai. Fomeraniyan ko Ciwawa da ya gama girma bai cika wuce kilo 3 ba, amma masu saye suna son wanda bai kai haka ba, wanda ake ɗauka hoto a cikin kofin shayi. Wannan ba wani jinsi ba ne na daban. Mafi rauni a cikin haihuwa ake zaɓa a haɗa da wani mai rauni irinsa. Abin da ke fitowa shi ne dabbar da maɗigarta ba ta rufewa, wani ruwa ya taru masa a kai, ƙashi ya karye don ya diro daga kujera. Idan ya tsallake cin abinci sau ɗaya sukarin jininsa ya faɗi, ya yi laushi, ya fara jijjiga, sai an shafa masa zuma a dasashi an garzayo da shi. Ko waɗanda girmansu daidai ne suna da cututtukan gado: ƙoƙon gwiwa mai gocewa har ka ga kare na tafiya yana ɗage ƙafar baya, da maƙogwaron da ke lotsawa ya riƙa tari mai ƙara. Mai kiwon kirki yana kai uwa da uba likita ya duba gwiwarsu kafin ya haɗa su, kuma zai nuna maka takardar ba sai ka roƙa ba.

Akwai irin waɗannan masu kiwo a nan, amma ba su da yawa, kuma ba su cika talla ba. Alamarsu ta farko ita ce za su ce ka zo gida, ko istiraha, wato gidan hutun da suke kiwo a bayan gari. Za ka ga karyar da idonka tare da 'ya'yanta, nonuwanta sun nuna tana shayarwa, 'ya'yan suna rububinta ita kuma ta san su. Ka dubi jikinta, ka dubi halinta, ka shaƙi warin ɗakin. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, ƙananan jinsi kuma ba su cika haifar fiye da 3 ko 4 ba, shi ya sa mai kiwon gaske yakan ce maka babu yanzu, ka jira. Wanda kullum yana da Maltiz da Shitzu da Fomeraniyan, fari da ja, ko wane lokaci ka kira, ba shi ke kiwo ba. Ba ya sakin ɗa kafin mako 8, masu tsantseni ma sai 10 ko 12. Littafinsa zai nuna maganin tsutsar ciki, da allurar farko tsakanin mako 6 da 8, ya kuma gaya maka sauran da za a riƙa maimaitawa har mako 16. Sannan shi ma zai titsiye ka da tambayoyi: wa zai zauna da shi da rana, akwai ƙananan yara, idan igamarka, wato takardar izinin zama, ta ƙare ina za ka kai shi? Zai yarda ka kai wa likitan da ka zaɓa ya duba, kuma ku rubuta cewa idan an ga cuta zai karɓi abinsa.

Ka tuna yadda Baba ke sayen saniya a kara. Dillalin sananne ne, rumfarsa na nan kowace ranar kasuwa, zai faɗa maka rugar da ta fito, idan ta zo da matsala ka san inda za ka same shi da wanda za ka kai ƙara. Wannan amanar ce babu a cinikin waya, a nan da can duka. Idan nisa ya hana zuwa, a ƙalla a yi kiran bidiyo kai tsaye a ga uwa da ɗa tare, domin hotunan da ake yaɗawa da yawa na sata ne.

Tambayar nan ta igama ba ta banza ba ce. Duk lokacin da baƙi ke barin ƙasar gaba ɗaya, ana samun karnuka da kyanwoyi da aka bari ba mai su, wasu a bakin asibitinmu. Akwai masu aikin sa kai da ke tattara su, su yi musu allura, su nema musu gida. Wanda ya karɓi babban kare daga wurinsu ya riga ya ga girmansa da halinsa da lafiyarsa, kuma kuɗin da zai kashe bai kai rabin na kasuwa ba.

Game da turo maka su daga nan, amsata a'a ce. Wanda aka riga aka wahalar daga Turai zuwa Riyad, ba zan ƙara masa wata tafiyar zuwa Kano ba. Ga kuɗin izini da takardar lafiya da jirgi, ga shi kamfanonin jirage da dama ba sa ɗaukar masu gajeren hanci a wurin kaya saboda suna mutuwa a hanya. Kare da haki yake rage zafin jiki, masu shafaffen hanci irin Shitzu da Fug da buldog na Faransa kuwa hakin ba ya isarsu. A nan zafi na kai digiri 45 da rani, amma esi ba ya tsayawa dare da rana. A Kaduna cikin Afrilu, wuta ta ɗauke da azahar, janareta ba mai, kafin la'asar an yi asara. Duk wanda ya nemi irin waɗannan a wurinka ka tambaye shi yadda wutar gidansa take kafin ka tambaye shi kalar da yake so. Ka kuma tuna masa da kaska, wadda ta fi yawa a wajenmu, tana ɓuya cikin dogon gashi ta sa zazzaɓin da ke shanye jini, da allurar hauka da ba a wasa da ita a ƙasarmu.

Abin da zai amfane ka shi ne ka nemi masu kiwo a Jos da Abuja da Legas waɗanda za ka iya shiga mota ka je gidansu. Ka zama kai ne mai dubawa, a biya ka ladan gwaji, maimakon ka zama mai sayarwa da za a zo wa da gawa. Na saya maka na'urar karanta lambar nan ta ƙarƙashin fata, da batiri take aiki, zan ba wani ɗan unguwarmu da zai dawo bayan Umara. Kana shafa ta a wuyan dabba lambar za ta fito, sai ka gwada da ta cikin littafi. Idan suka saɓa, ko aka ce uwar tana wani gari, ka ce wa mai saye ya riƙe kuɗinsa.

Yayanka,
daga Riyad