Shagon zaren duwatsu a Makola, ga masu haɗa abin wuya da jigida

'Yan uwa na Nima da Mamobi masu sana'ar duwatsu, akwai wani ɗan shago cikin kasuwar Makola ta Accra ɓangaren masu kayan ɗinki, wata Hajiya ke zama, wallahi na yaba da ita sosai. Ba ta miƙo miki zare haka kawai, sai ta ce "'yata wane dutse za ki zura?" in kin zo da shi ma ta karɓa ta leƙa ramin tukuna.

Kuma nan maganar take. Duwatsun Krobo da muke sarowa Koforidua ran Alhamis ko Agomanya, garin kwalba ne ake dakawa a zuba a mazubin yumɓu, a tsayar da karan ganyen rogo a tsakiya, wuta ta cinye shi ya bar rami, shi ya sa ramin ke da kaushi ga dutsen da nauyi, siririn zare kam a hankali zai ci shi har ya tsinke a wuyan kwastoma. Irin waɗannan taiga tel take bayarwa, wato wayar ƙarfe mai silli 7 da aka lulluɓe da nailan. Ba a ƙulla ta fa, sai kin zura ɗan ƙarfen matsewa a bakinta kin matse shi da filaya, kuma kar ki bari ta lanƙwashe don ba ta komawa daidai.

Jigida kuwa ta ce zaren auduga mai kauri a ninka, shi ke kwanciya a ƙugu ba ya cin fata, na gwada kuma haka ne. Igiyar kamun kifi tana da ita lamba lamba, ga araha, ta dace da ƙananan duwatsu amma ƙullinta na zamewa, a ɗiga masa gam kaɗan.

Inda ban ji daɗi ba shi ne roba ta abin hannu. Mai kaurin 0.8mm da mai 1mm duk a bakin ƙofa take rataye su rana na duka, roba kuma ba ta son zafi, wadda na saya ina ja ta fara farfashewa. Ku ce ta ɗauko muku ta ciki, ku ja ta a gabanta kafin ku biya.

Wurin matsattse ne, ba a rubuta farashi ba sai kin tambaya, amma tana karɓar MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ku je da safe kafin kasuwa ta cika, da samfurin dutsenku a jaka.