Tsohuwar kwamfutarka ta fara nauyi: a ƙara mata ƙarfi ne ko a nemi wata?

In ka ɗauki laftof ɗinka da ta fara jan ƙafa ka shiga Computer Village a Ikeja, amsa biyu za ka samu. Mai gyara zai ce maka ai wannan injin da sauransa, a sa mata kaza da kaza ta dawo sabuwa, mai sayarwa kuma ko buɗe ta bai yi ba zai ce ta gama yayi, kawo a yi maka musaya ka cika kuɗi. Dukkansu ba ƙarya suke ba gaba ɗaya, kowa dai aljihunsa yake dubawa, shi ya sa gara ka san amsar tun daga gida kafin ka hau motar Ikeja.

Abin da za ka fara dubawa shi ne abin da ba a iya canzawa, wato furosesa, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin kwamfuta. A yawancin laftof manne take da bod, wato babban allon da kayan ciki ke kansa, yadda ta zo haka za ta mutu. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka duba CPU, za ka ga wani abu kamar i5-6300U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce janareshan, 6300 na shida ne, 8250 na takwas, in ka ga irin 1135G7 to na sha ɗaya ne. Mutanenmu da yawa i7 kawai suke ji su ciro kuɗi, alhali i7-7500U ƙananan ƙwaƙwalwa (core) biyu gare ta a ciki, ita kuma i5-8250U da ta fito a 2017 huɗu gare ta, to kaga ƙaramar ta fi babbar aiki nesa ba kusa ba. Duk mai ce maka "ai i7 ce" bai faɗi janareshan ba, bai gaya maka komai ba tukuna.

Janareshan na takwas ɗin nan shi ne iyaka, kuma ba ni na shata ta ba, Microsoft ne. Tun 14 ga Oktoba 2025 suka daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta da aka saba, sai wani shirin ƙarin wa'adi da suka buɗe wa masu so na ɗan lokaci. Windows 11 kuma sharaɗinta sai Intel janareshan na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutar ba za ta daina kunnuwa ba don Windows 10 ta tsufa, tana nan tana aiki, amma in da ita kake shiga banki ko kake riƙe lissafin kasuwanci ko takardun mutane, kullum ƙofar ɓarayin intanet ƙara buɗewa take. Eh, yaran kasuwa suna ɗora Windows 11 a kan tsoffin injina ta bayan gida kuma tana tafiya, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin za ta ci gaba da turo wa irin waɗannan sabuntawa ba, ka sani dai kafin ka yarda.

To a ce taka ta takwas ce ko sama, magana ta ƙare, kar ka saya, gyara za ka yi. Kuma gyaran farko SSD ne, wato ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin had disk, wallahi babu kuɗin da za ka kashe wa kwamfuta ka ga bambanci a take irin wannan. Tsohon had disk faifai ne yake juyawa a ciki da allura tana bin sa, yawancin na laftof 5400 suke juyawa a minti, gudun karatunsa bai cika wuce megabait 100 da ɗan wani abu a sakan ba, SSD na SATA kuwa yana kai 500 zuwa 550, na NVMe ma ya haura 3000. Amma ba ma wannan lambar ce ke sa ka ji daɗi ba, ƙananan fayiloli ne da Windows ke ɗauko dubbai a lokaci guda, shi faifai sai allura ta je ta nemo kowanne, SSD kuma babu abin da ke motsi a cikinsa. Shi ya sa za ka ga injin da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo bai gama tashi ba, bayan an sa SSD yana tashi cikin sakanni. In ka duba Task Manager ka ga Disk ya tsaya a 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to ciwon kenan, ba tsufa ba ne.

Sai dai ka kula, SSD iri-iri ne. Akwai mai faɗi na inci 2.5 da ke shiga gurbin had disk, akwai siriri M.2, kuma shi M.2 ɗin ma wani SATA ne wani NVMe, ba kowane bod ke karɓar duka biyun ba, don haka a buɗe a gani ko ka bincika lambar injin ɗinka kafin ka biya. 256GB ya ishi mai aikin ofis da makaranta, in kana tara bidiyo ka nemi 512. Ka tsaya kan sunayen da aka sani irin Samsung, Crucial, Kingston, WD, kuma ko su ɗin akwai jabu a kasuwa, wanda za a rubuta 1TB a jiki a ba ka a kuɗin da bai kai na 256 ba ka san da walakin. A sa maka a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki, don wani "sabon" cire shi aka yi daga wata kwamfutar.

RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, shi ne na biyu. 4GB a yau wahala ce kawai, Chrome da WhatsApp na kwamfuta kaɗai sun cinye shi, 8GB shi ne mafi ƙaranci da mutum zai zauna lafiya, 16 in kana Photoshop ko CorelDraw ko kana buɗe shafuka barkatai. A nan ma Task Manager zai nuna maka gurbi nawa ne a ciki kuma nawa aka yi amfani da su. Matsalar ita ce siraran laftof da yawa an manne musu RAM a bod, babu gurbi ko ɗaya, MacBook Air duk haka suke, waɗanda ke da M1 daga 2020 kuwa har ma'ajiyar a manne take, abin da ka saya da shi za ka zauna. Kuma DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Farashin RAM ya yi tashin gaske a ƙarshen 2025, don haka ka tambaya a shago biyu uku kafin ka ɗauka tsohon lissafi yana nan.

Akwai kuma nauyin da ba na kayan ciki ba ne, zafi ne. Legas ga ƙura ga laima, fanka ta toshe, man da ke kan furosesa ya bushe, sai injin ya riƙa rage gudun kansa da kansa don kar ya ƙone. In kana jin fanka na ihu ƙasan laftof ɗin na ƙona cinya, a buɗe a share a sa sabon mai, aikin ƙaramin kuɗi ne, wasu da wannan kaɗai suka fasa sayen sabuwa. Batir kuma ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya kumbura har yana ɗaga wurin linzami, a cire shi yau ba gobe ba.

Inda hukuncin ke da wuya shi ne janareshan na shida da na bakwai, irin su HP EliteBook 840 G3 da G4 da ThinkPad T470, waɗanda suka cika hannun mutane daga Agege har Alaba Rago. Injina ne masu ƙwari, kibod mai daɗi, kuma da SSD da 8GB suna yin Word da Excel da Zoom ba gardama. Ni a ganina a sa musu SSD kawai a tsaya nan, don shi SSD ko ka canza kwamfuta gobe za ka iya cire shi ka tafi da abinka. Amma a ce sabon batir, sabon sikirin, ƙarin RAM, gyaran maƙalin murfi, duk a kan injin da Windows 11 ba ta karɓa, wannan zuba ruwa a kwando ne. Ƙa'idar da nake bi, ka haɗa kuɗin gyaran gaba ɗaya, in ya kai rabin kuɗin ta hannu mai janareshan na takwas, bar gyaran. Na huɗu zuwa ƙasa masu DDR3 kuwa kar ka wahalar da kanka, sai dai in yara za a bar wa su koyi buga rubutu, ko ka ɗora mata Linux Mint, kyauta ne, ba ya da nauyi kuma yana samun sabuntawar tsaro, illa dai CorelDraw da wasu manhajojin da aka saba ba sa hawa kansa kai tsaye.

Yanzu a ce saye ya kama. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, sabuwar laftof mai kyau ta fi ƙarfin yawancinmu, kuma a nan ne tarkon yake. Za ka ga sabuwa dal a kwali, da leda, da garanti, kuɗinta daidai aljihunka, ka duba ciki sai ka ga Celeron N4020 da RAM 4GB a manne da ma'ajiya eMMC 64GB. Dan Allah kar ka saya. Tsohuwar da ka baro a gida in aka sa mata SSD ta fi ta gudu, kuma ita sabuwar ba a iya ƙara mata komai, Windows kaɗai za ta cinye kusan rabin wurin. Da kuɗin nan gara ka ɗauki ta hannu, tokumbo irin na ma'aikatu, wato EliteBook 840 G5 zuwa sama, Dell Latitude 7490, ko ThinkPad T480. Waɗannan an yi su ne don kamfanoni, jikinsu da ƙarfi, ana kwance su da sukurdireba, kuma kayan gyaransu ko'ina akwai a titin Otigba na Computer Village, T480 da 840 G5 ma gurbin RAM biyu gare su. Sabuwa tana da ma'ana ne in kuɗinka ya kai na i5 ko Ryzen 5 na 'yan shekarun nan, ko aikinka na tace bidiyo ne ko AutoCAD mai buƙatar katin hoto na daban, a nan kam garantin shekara da sabon batir sun cancanci kuɗinsu.

Sayen ta hannu kuma sai da natsuwa. Ka shiga shago mai lamba da rasit, ba wanda ya tare ka a bakin titi yana jan rigarka ba, kuma kar ka je da yamma kana sauri za ka kama hanya kafin cunkoso. Ka zauna da injin ko minti talatin ne. Ka duba furosesa da idonka a Task Manager ba a sitikar jiki ba, sitika ana sayar da ita. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri, don wasu daga kamfanonin waje suka fito da makullinsu, wata ma sai ka haɗa ta da intanet bayan an sake mata Windows sannan ta nuna maka sunan kamfanin da ke da ita ta ƙi wucewa, saboda haka a haɗa ta da intanet a gabanka. Ka gwada kowane maɓalli, kowace kafar USB, kyamara, sifika, wayfay, ka sa farin shafi ka duba tabo a sikirin, ka cire caja ka ga yadda batir ke sauka. Ka tambayi garanti na kwana nawa ne a rubuta a rasit da lambar injin. Cajar ma ka duba ta asali ce, jabun caja da wutar janareta su ne ke kashe bod.

Masu shagon buga takardu da cike fom kuma da tsohuwar kwamfutar tebur, ku lissafinku ya ɗan bambanta don a tebur kusan komai na canzuwa, har furosesa in bod ɗin ya yarda. Amma ku sa kuɗin wuta a ciki, a Afrilun 2024 ma an kai 'yan Band A naira 225 a kowane yunit, ga man janareta, babbar tsohuwar akwatin nan ba ƙaramin ci take ba in tana kunne safe zuwa dare. Ƙananan nan irin OptiPlex Micro ko EliteDesk Mini ko ThinkCentre Tiny da cajar wat 65 suke aiki kamar laftof, ƙaramar inbata ma tana riƙe su, kuma sikirin da kibod da firintarku duk suna nan ba sai an sake ba.

In za ka ba da tsohuwar a musaya ko ka sayar, cire had disk ɗinka tukuna ko a goge shi gaba ɗaya a gabanka, dilit da fomat na sauri ba sa share komai, ana dawo da hotuna da takardu da ƙaramar manhaja. Mafi sauƙi ka sayi ɗan gidan USB na inci 2.5 ka saka shi a ciki ya zama ma'ajiyarka ta waje, mai shago ya rage kuɗin disk ɗin daga cinikin, ba wani abu mai yawa ba ne.